Baƙon Da Ba Ya Buɗe Ƙofa

Glenda Pascoe ta bar gona da ƙarfe uku na rana, ta bar mahaifiyarta a hannun maƙwabciyarsu Beryl. Likita ya zo da hantsi, ya duba tsohuwar, ya fito baranda ya ce in akwai wanda ake so ya same ta da rai, to a kira shi yau. Mutum ɗaya ne ya rage a kira. Ƙanen Glenda ne, Desmond, wanda ya shiga gidan 'yan zuhudu na Kullarin shekara talatin da ɗaya da suka wuce, tun ranar kuma bai sake kwana a gidansu ba.

Sau huɗu ta buga waya can, ba wanda ya ɗauka. Sai ta zari mukullin tsohuwar a-kori-kurar gona ta kama hanya.

Tafiyar awa huɗu ce. An gama girbin alkama, gonaki sun yi fari fat har iyakar gani, nan da can tafkunan gishiri suna ƙyalli. Ta wuce mushen kangaro uku, dabbar dajin nan mai tsalle, a bakin titi, hankaki sun yi musu rumfa. Ba ta kunna rediyo ba. Abin da za ta faɗa wa Desmond take ta tisawa a ranta, kuma ta daɗe da haddace shi.

A shekarar da tarakta ta danne mahaifinsu ne Desmond ya tafi. Ko wata shida ba a yi da binnewa ba ya ce wai an kira shi zuwa ibada, ya bar mata tumaki dubu biyu da uwa mai kuka. Mijin Glenda ya gaji da zama da matar da ba ta da lokacinsa, ya tattara ya koma birnin Perth. Daga baya ɓarin jikin Mama ya shanye. Shekara tara ke nan Glenda ce mai wanka, mai juyawa, mai canza zanen gado. Duk da haka hoton Desmond ne a rataye saman gadon, wanda ya ɗauka yana da shekara ashirin da huɗu, tsohon hoto da ya taɓa lanƙwashewa har layin ya ratsa kumatunsa. Shi Mama take kallo, shi take tambaya.

Rana ta yi ja lokacin da ta iso ƙofar waje. Ƙofar ƙarfe ce da sarƙa, irin ta kowace gona. Ta sauka ta buɗe, ta shigar da mota, ta dawo ta rufe. Daga nan hanya ta miƙe tsakanin layin bishiyoyin zaitun, tafiyar minti goma a ƙafa, har zuwa gine-ginen jan dutse da ke kan tudu.

A bayan ɗakin gashin burodi ta tarar da wani dogon tsoho cikin baƙar riga yana wanke faranti. Idonsa ɗaya fari ne. Bai amsa gaisuwarta ba, agogon hannunsa ya duba.

"Baƙi kafin ƙarfe biyar suke zuwa."

"Ni ba baƙuwa ba ce, Fada. Na zo ɗaukar Desmond Pascoe."

"Ni ba Fada ba ne, Ɗan'uwa Kilian ne. Kuma ba mu da Desmond a nan. Ɗan'uwa Anselm muke da shi."

"Ku kira shi duk abin da kuka ga dama. Uwar da ta raɗa masa Desmond tana mutuwa."

Hannun tsohon ya tsaya cikin ruwan. Ya kalli rana, ya kalli layin zaitun, sannan ya kalle ta kamar ita ce ta kawo cutar. Ya ce yanzu za a shiga addu'ar yamma, ba a fitar da mutum daga cikinta, amma da an idar zai sanar da shugaban gidan. Ya ce ta biyo shi majami'a ta zauna a bencin baya. Glenda ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba, ba ta zo sauraron waƙar mutanen da suka sace mata ƙane ba. Suka tsaya suna kallon kallo. Ƙararrawa ta buga.

Dole ta sa ya kai ta kicin ɗin masaukin baƙi, wani dogon gini da ke ware daga sauran. A bakin ƙofa ya rage murya.

"Sa sakata. Duk wanda ya kira ki daga waje, kada ki amsa. Ni zan dawo in ƙwanƙwasa, kuma zan faɗi sunana."

"Tsoron me kuke, kada mace ta leƙa muku ɗakuna?"

Ya tafi da sauri, sauri irin wanda bai dace da shekarunsa ba.

Ba ta sa sakatar ba. Ta ja ƙofar raga kawai saboda ƙudaje.

Kicin ɗin fes yake, yana ƙamshin sabulu da man zaitun. Dogon tebur ne da kujeru goma, duk an kife su a kai, ban da ɗaya a can ƙarshe. A gabanta an ajiye faranti da gutsuren burodi, da kofin ruwa, da wuƙa. Glenda ta leƙa barandar ciki. Ɗakuna takwas a buɗe, gadaje a gyare, ba kowa. Na tara a rufe.

Ta dawo ta zauna a kan akwatin itacen girki. Daga majami'a waƙa ta fara tashi, ɓangare ɗaya ya rera, ɗayan ya amsa. A waje tsuntsaye suna ta hayaniyar komawa bishiya.

Sai suka yi tsit. Gaba ɗaya, lokaci guda.

Wari ya fara shigowa. Ta san shi sarai, warin jiƙaƙƙen ulu ne, irin na tunkiyar da ta faɗa ruwa ta kwana. Amma wata biyar rabon ƙasar da ruwan sama.

"Glennie."

Ba wanda ya kira ta haka tun tana da shekara ashirin da bakwai. Ta miƙe. A bayan ragar ƙofa mutum ne tsaye cikin baƙar riga, ya ja hular rigar ta rufe masa fuska, hasken yamma yana bayansa.

"Desmond?"

"Yi a hankali. Na sulale ne. In suka gan ni ba za su bar ni in tafi ba."

Muryarsa ce, har da ɗan fiton nan da ke fita in ya yi magana, tun ranar da doki ya karya masa haƙorin gaba. Duk jawabin da ta haddace ya taso mata a maƙogwaro. Kafin ta buɗe baki ya riga ta. Cikin raɗa ya ce ya san abin da ya yi mata. Ya ce guduwa ya yi, ba wani kira da aka yi masa, tsoron gonar ne ya kore shi. Ya ambaci mijinta da ya tafi, ya ambaci bayanta da ke ciwo saboda ɗaga Mama. Ya ce duk alhakin a wuyansa yake.

"Ki yafe mini, Glennie."

Shekara talatin da ɗaya tana jiran wannan kalma. Ta goge ido da bayan hannu, ta ji haushin kanta da ta yi kuka a gabansa.

"Ajiye wannan sai mun isa. Zo mu tafi gida."

"Kin gayyace ni?"

"Wace irin gayyata kuma? Na ce ka zo gida. Shiga mota."

Ya ja wani dogon numfashi, kamar mai ƙishirwa da aka miƙa wa ruwa.

Ta tura ƙofar raga ta fito. Yana gaba, tana baya. Busassun ganye suna ƙara a ƙarƙashin takalmanta. Nata kaɗai take ji. Ta lura da hakan, ta ce a ranta ai mutanen nan sun saba tafiyar sanɗa.

Ta buɗe masa ƙofar hagu, ta fasinja, don hannun ƙofar yana da gardama. Da ya zauna, motar ta yi ƙara ta karkata ɓangarensa, kamar an loda buhunan taki. Glenda ta tayar, ta juya kan mota, suka gangara cikin zaitun. Sitiyari yana ta fizgewa hagu. Warin ya cika gaban motar har ta sauke gilashi.

Ta ce ba a ba su sabulu ne a gidan nan? Bai yi dariya ba.

Ya tambaye ta ɗakin da Mama take kwance. Ta ce na gaba, inda take tun da. Ya tambaya ko tagar tana buɗewa. Ya tambaya ko Beryl za ta kwana. Glenda ta juyo ta kalle shi, don ba ta ambaci Beryl ba.

Hular kawai ta gani, da duhu a cikinta.

"Ranar Talata," in ji shi, a hankali, "kin tsaya a kanta da matashin kai a hannu."

Ƙafarta ta zame daga kan totur.

"Tana barci, bakinta a buɗe. Kin daɗe a tsaye. Har agogon falo ya buga."

Ba wanda ya san wannan. Ba kowa a gidan ran nan sai ita da Mama. Ta mayar da matashin, ta fita ta yi amai a bayan tanki, ba ta faɗa wa ko kare ba.

"Ban yi komai ba," ta ce.

"Na sani. Kin kasa. Kada ki damu, in mun isa ni zan ƙarasa miki."

Ƙofar waje ta bayyana cikin hasken fitila. Ta taka birki da ƙarfi. Abu ɗaya take so, ya fita daga motar nan.

"Sauka ka buɗe."

Bai motsa ba.

"Ka manta ne? Wanda ke gefen direba shi ke buɗe ƙofa. Ko a nan ma ni ce baiwarka?"

"Ke za ki buɗe."

Ta fita, don ta samu iska ko da kaɗan ce. Ta tsaya cikin hasken fitilun, ta kama sarƙar. Ƙarfen yana da ɗumin rana har yanzu. Ta zare ƙugiyar. Ƙofar ta ja baya kamar tafin hannu.

A saman wani turke kusa da garken tumaki akwai tsohuwar lasifika, wadda aka sa don masu aiki a nesa su riƙa bin addu'a. Tun ɗazu tana shiii, ƙarar injin ce ta danne ta. Yanzu taron muryoyin ya yi shiru, murya ɗaya ta ɗauki Zabura ita kaɗai.

Muryar dattijo ce, ta dushe, tana rawa.

Da fito a cikinta.

Glenda ta sandare. Ta saurari baiti ɗaya, ta saurari na biyu. Haƙorin nan ne da doki ya karya. Desmond yana can kan tudu yana waƙa.

Sai a lokacin ta tuna cewa ƙanenta ya kai shekara hamsin da biyar. Muryar da ke cikin motarta ta saurayi ce.

Ta waiwaya a hankali.

Fitilu sun kashe mata ido, amma ta ga inuwarsa ta gilashi. Kansa ya tokare rufin motar, har wuyan ya lanƙwashe gefe. Desmond gajere ne. Ko kafaɗarta bai wuce ba.

"Buɗe."

A kunnenta aka faɗa. Ta ji sanyin numfashin.

Ta tuna tambayarsa a bakin kicin. Ta tuna tagar ɗakin Mama. Ta gane cewa abin nan ba ya iya wuce ƙofar nan da kansa, sai an buɗe masa, sai an kai shi.

Ta jawo ƙofar. Ƙugiyar ta suɓuce. Ta sake kamawa, ta suɓuce. A karo na uku ta shiga. Ta naɗa sarƙar sau biyu.

Injin motar ya mutu da kansa. Fitilu suka dushe, suka ɗauke.

Bayan ƙofar, titi ne na kilomita arba'in ba gida ko ɗaya. Gabanta mota. Ta bi ta ɓangaren direba, ta kutsa cikin zaitun da gudu.

A baya ta ji ƙofar hagu ta buɗe. Ƙofar da sai an yi kokawa da ita.

Motar ta yi ƙara, ta miƙe daidai.

Rassa suna dukan fuskarta. Takalmi ɗaya ya fita, ƙaya ta shige mata tafin ƙafa, ba ta tsaya ba. Yanzu tana jin tafiyarsa. Ba taku ba ne. Kamar ana jan jiƙaƙƙen buhu a kan ganye.

Tumaki suka watse a garke, suna hawan juna.

"Glennie, ke kika ce in zo."

Ta ƙara gudu.

Sai muryar ta sauya ta zama ta mahaifinsu, yana kiran ta daga ƙarƙashin tarakta, yana cewa ta ɗaga masa ƙarfen. Ta toshe kunne ɗaya, tana gudu.

Ta hango hasken kyandir ta tagogin majami'a.

"Glenda."

Siririyar murya, mai jan harshe.

"Glenda, na jiƙa gadon. Kina ina?"

Ƙafafunta suka tsaya da kansu. Shekara tara suna amsa wannan kira, ko tana barci. Har ta fara juyawa.

Wani abu mai sanyi ya sauka a ƙeyarta. Yatsu ne, dogaye, jiƙaƙƙu. Suka zagaye wuyan har suka haɗu ta gaba.

Ta fizge. Rigarta ta yage daga wuya zuwa baya. Ta faɗi a kan matakala, ta rarrafa, ta daki ƙofar da goshi.

Hannu ya fito ya finciko ta ciki.

Ɗan'uwa Kilian ne. Ya maida ƙofar ya jingina da ita. Ciki ƙamshin turare da kakin kyandir. Mutum goma sha ɗaya cikin baƙaƙen riguna suna tsaye layi biyu suna fuskantar juna. Ba wanda ya juyo. Waƙar ba ta tsaya ba, sai ma ƙara ƙarfi da ta yi.

Tsohon ya sunkuyo, idonsa mai gani yana ci da wuta.

"Me kika ce masa?"

Da ƙyar ta haɗa maganar. Ta ce ta ce ya zo gida.

Ya runtse ido. Ya kama kafaɗunta ya miƙar da ita, ya juya ta ta fuskanci ƙofa. Cikin raɗa mai zafi ya ce ita ta kira, ita za ta sallama. Su ba su da ikon korarsa, baƙonsu ne, dokarsu kuma ta hana korar baƙo. In ba ta janye maganarta yanzu ba, duk ranar da ta fita ƙofar waje yana tare da ita.

"Kun san da shi? Kuna ajiye masa burodi?"

"In mu ba mu riƙe shi ba, gidan wa kike so ya je? Na ce miki kada ki amsa."

Ya buɗe ƙofar.

Yana tsaye a ƙasan matakala, cikin ragowar jan sama. Ruwa yana ɗiga daga bakin rigarsa, ƙasa ta yi baƙi a kewayensa. Hular ta zame baya.

Fuskar Desmond ce, yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Murmushin nan ne na saman gadon Mama. Ba ta motsi. Shafaffiya ce kamar takarda, kuma layin lanƙwasar hoton ya ratsa kumatun.

Bakin bai buɗe ba, amma maganar ta fito.

"Ni kaɗai na taɓa neman gafararki, Glennie. Shi ba zai nema ba."

Ta buɗe baki. Ba abin da ya fito sai iska.

Abin ya ɗora ƙafa a matakala ta farko. Dutsen ya yi ƙara.

Wani ya tsaya a gefenta, gajeren mutum mai sanƙo da tabarau, yana haki. Ya kama mata gwiwar hannu. Ta san Desmond ne ba tare da ta kalla ba. Ta doke hannun. Haushinsa ne ya dawo mata da murya.

"Ba ka da wuri a gidana. Na janye. Ban gayyace ka ba."



Murmushin yana nan, amma layin da ke kumatun ya fara buɗewa, a hankali, kamar takarda na yagewa. Glenda ta rufe ido. Ta ji jan buhun nan ya yi nisa, ya bi ta gefen masauki. Can ciki wata ƙofa ta rufu.

Tsuntsu ɗaya ya yi kuka a cikin zaitun, wani ya amsa.

Shugaban gidan, Fada Aidan, ya ba su motar kai burodi, ya ba Desmond izinin mako guda. Yayin da ake cire mata ƙaya a ƙafa, Kilian ya ba ta labarin a taƙaice, ba tare da ya kalle ta ba. A zamanin waɗanda suka gina gidan, wani mai tsaron ƙofa ya ga matafiyi a tsaye bayan faɗuwar rana yana roƙon ruwa, ya yi masa maraba da kalmomin da ake yi wa kowane baƙo. Tun ranar yake ɗaki na tara. Kullum a ajiye masa burodi, da safe a tarar ba a taɓa ba amma ya yi kore shar. Glenda ta ce da sun rubuta hakan a allo a bakin titi. Ya ce sun rubuta ƙarfe biyar, masu hankali suna karantawa.

A-kori-kurar ba ta sake tashi ba. Glenda ba ta nemi a gyara ta ba.

A hanya ita da Desmond ba su yi magana ba, sai sau ɗaya da ya ce tana gudu da yawa, ta ce in ya fi ta iyawa ya karɓa.

Sun samu Mama da rai. Ta ga ɗanta, ta shafa sanƙonsa, ta ce ya yi ƙiba. Beryl ta ja Glenda kicin ta ce mata wajen faɗuwar rana tsohuwar ta yunƙura ta zauna da kanta, abin da ba ta yi ba shekara tara, ta ce a buɗe taga Desmond yana tafe. Can kuma sai ta koma ta kwanta tana rawar ɗari, ta ce a'a, a rufe, ba shi ba ne.

Bayan kwana biyu Mama ta rasu, da hantsi, hannunta ɗaya a na Desmond, ɗayan a na Glenda.

Ranar da Desmond zai koma, suna tsaye a jikin motar burodi, ya tambaye ta abin da abin nan ya faɗa mata har ta yarda da shi. Ta ce gafararta ya nema.

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"In na faɗa yanzu, za ki ce shi ne."

"Gwada mana."

Bai gwada ba. Ya shiga mota ya tafi.

Shatin yatsun ya yi wata uku a wuyanta kafin ya ɓace, wurin kuma bai sake jin zafin rana ba. Ta sayar da rabin tumakin. Ta daina ɗaukar kowa a mota in rana ta yi ja, ko da ta san shi tun yana goye. In an kira sunanta daga waje ba ta amsawa sai ta ga fuska.

Wasiƙu suka fara zuwa daga Kullarin, wata-wata. Rubutun Desmond ya tsufa, yana karkarwa, yana hawa yana sauka. Labarin zaitun yake ba ta, da na ciwon gwiwarsa. A ta biyar, can ƙasa bayan sa hannu, ya rubuta layi ɗaya cewa bai kyauta mata ba. Ta karanta sau biyu, ta sa a aljihun tebur. Ba ta ba da amsa ba sai da aka yi shuka.

A lokacin sanyi na shekara ta biyu, wata safiya ta buɗe akwatin wasiƙa na bakin titi ta tarar da ambulan ba kan sarki, ba tambarin gidan waya. An rubuta Glennie a bayansa, da kyakkyawan rubutu miƙaƙƙe, irin na Desmond lokacin yana saurayi. Takardar a jiƙe take.

Ba ta taɓa ta da hannu ba. Ta koma gida ta buga waya Kullarin, wannan karon aka ɗauka. Kilian ya saurare ta har ta gama. Ya ce wataƙila direban da ke kwasar burodi ne aka ba saƙo bai san wa ya ba shi ba. Ya ce kada ta buɗe, kada ta mayar, don ko a'a ta rubuta, ta amsa ke nan.

Glenda ta ɗauki abin kama garwashi, ta taka har bakin titi, ta ɗauko ambulan ɗin tana riƙe da shi nesa da jikinta. Ta jefa shi cikin murhu ta rufe. Ya daɗe bai kama ba. Da ya kama, ta fita baranda ta tsaya, don kada ta ji abin da zai ce.